Ba Su Fata, Amma Kada Ta Fito Daga Aljihunka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an ɗauke ka koyar da dukanci a wata sakandare, kana zana alabe a allo yara na hamma, shi ne kake tambaya ko ka ba su aiki guda su yi da hannunsu har ƙarshen zango. Wannan ma abin tambaya ne? Shekara 7 kana zaune gabana nan Sakkwato, ka taɓa ganin allo a rumfata? Ba su aikin. Amma ya zama akwai mai jiran sa: jakar da yaro zai kai wa uwarsa, kuben da za a rataya ranar Sallah. Awo da yanka ba zan ɓata bakina ba, ka san su.

Abin da ya sa na amsa maka, tambayarka ta fama min wani tsohon miki. Wani mai makarantar kuɗi ya taɓa zuwa har rumfa, yana "Baba, Baba", in koya wa yaransa. Na raba yara 30 gida shida, kowane gida da jakarsa, da mai awo, da mai yanka, da mai ɗinki. Wallahi sun kama. Akwai wani ɗan siriri da malamai suka ce daƙiƙi ne, basilla ta huda masa yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba da ɗinki, aka kaɗa ƙararrawar tashi bai ɗaga kai ba.

Mutumin ya ce in sayo fata zai biya. Ni kuwa ba na sa hannu a kayan banza. Na sayo fatar jan akuya 24, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ranar bikin raba kyaututtuka aka jera jakunkunan a tebur, iyaye suka saye su tas, kuɗi suka shige aljihunsa. Bai ambaci sunana ba. Abin da ya fi ci min rai, bai ambaci sunan yaro ko ɗaya ba. Na ga ɗan siririn nan tsaye bayan taro yana kallon jakarsa a kafaɗar wata hajiya. Sawu tara na yi ina bin kuɗina, kullum sai maigadi ya ce ya yi tafiya. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To kai, shugaban makaranta ya ba da kuɗin fata a hannu kafin ka auna komai, kuma kowane gida ya buga sunayensa a cikin jakar. Yaran yanzu gaggawa gare su, waya ta cinye musu haƙuri, kai ma ba ka tsira ba. Kada wuƙa ta taɓa fata sai sun yanka kwali ya fito daidai sau uku.

Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, na tara maka guntayen fata a buhu.