Me ya sa mutanen Brazil ba sa gajiya da Legião Urbana

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka ɗan Brazil ya ishe ka da waƙoƙin Legião Urbana, ƙungiyar mawaƙan rock ta ƙasarsu, kai kuma ka saurara ba ka ji abin a zo a gani ba. Wallahi haka na ce a watannina na farko a Brasilia, lokacin ina karatu. Kiɗan jita ne da ganguna, shi ke nan. Daɗin yana cikin baitocin, in ba ka jin Fotugis to an bar ka a tasha.

Direban tasi ne ya fara ganar da ni. Muna cikin cunkoso aka sako waƙarsu "Faroeste Caboclo" a rediyo, sai ya ƙara murya ya bi ta tun daga farko har ƙarshe, minti tara cur, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Waƙar ba ta da amshi. Labari ne na wani saurayi, João de Santo Cristo, da ya baro Bahia ya zo Brasilia neman na kansa, ya yi kafinta, ya faɗa harkar ƙwaya, daga ƙarshe aka harbe shi a Ceilândia. Da muka isa sai direban ya ce mini shi kansa a unguwar aka haife shi. Da takardar baitocin nan na koyi rabin Fotugis ɗina, har da zagin da malamarmu ta ƙi fassara mini.

A Brasilia aka kafa ƙungiyar a 1982. Renato Russo ne mawaƙi kuma marubuci, Marcelo Bonfá a ganguna, sai Dado Villa-Lobos da ya shigo da jita daga baya. Faifansu na farko ya fito a 1985, shekarar da mulkin soja na shekara 21 ya kawo ƙarshe. Ka ga ke nan matasan da suka tashi baki a ɗaure sun samu mai faɗa musu abin da ke ransu. Waƙarsu "Que País É Este", wato wace irin ƙasa ce wannan, har yau ita ake ɗaukowa in an bankaɗo wata badaƙala.

Amma fa ba lafiya lau suka rabu da garinsu ba. A 1988 wasansu a filin Mané Garrincha ya rikiɗe ya zama tarzoma, mutane da yawa suka jikkata, ba su sake wasa a Brasilia ba. Renato ma ba mai sauƙin kai ba ne, yakan tsayar da kiɗa ya yi wa 'yan kallo faɗa.

Ya rasu a Rio ranar 11 ga Oktoba, 1996, yana da shekara 36, sanadiyyar cutar ƙanjamau, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe ƙungiyar. Daga baya ma sai da ɗansa da sauran biyun suka je kotu kan mallakar sunan.

In za ka gwada, fara da faifan "Dois" na 1986, ka sa abokin naka ya zauna ya fassara maka baiti-baiti. Ka tanadi shayi, don ba zai tashi da wuri ba.