Tambaya da Amsa: Zan ba mai zane aiki, me zan faɗa masa kafin ya fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da yaji da kuka da daddawa a gida nan Zariya, yanzu ina so in fara zubawa a roba da sitika mai sunana. An haɗa ni da wani yaro mai zane a kwamfuta, ban taɓa ganinsa ba, a WhatsApp kawai muke magana, ya ce in tura rabin kuɗi ya fara. Ƙawata ta taɓa ba wani irin wannan aikin suka ƙare da rigima, ita tana cewa ba abin da ta ce ba kenan, shi kuma yana cewa sai ta ƙara kuɗi. Dan Allah me ya kamata in faɗa masa tun yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Rabin kuɗin nan ba laifi ba ne, kafin alƙalami ne, shi ma yana tsoron ya ƙona data da man janareta ki ɓace masa. Amma kar ki tura tukuna.

Yawancin rigimar nan daga ranar farko take farowa, lokacin da mai ba da aikin ta ce "kai dai ka yi min mai kyau" ta kashe waya. Toh mai kyau a idon wa? Ko tela kika miƙa wa atamfa ai sai ya auna ki kin nuna masa hoton ɗinkin, balle wanda bai taɓa ganin robar yajinki ba.

Ki fara da ƙirga abin da kike so. Logo ne kaɗai ko har da sitika? In da sitika, guda ɗaya ce ko uku, tunda yaji daban kuka daban daddawa daban, kinga nan ne ake cewa "ai wannan ba ya cikin cinikinmu". Ki ɗauki hoton robar ki tura masa, ki sa tef ki auna tsawo da faɗin wurin da za a manna. Duk rubutun da zai hau kai, suna da lambar waya da adireshi, ki rubuta da hannunki, kar ki yi saƙon murya, wallahi lamba ɗaya ta kuskure an riga an buga sitika dubu sai dai haƙuri. In sunan kasuwancin yana da ƙ ko ɗ ko ɓ ki ja hankalinsa, wasu salon rubutun kwamfuta ba su da su sam. Sai ki nemo sitika biyu ko uku da suka burge ki da ɗaya wadda ba kya so, ki ce ga dalili. Af, ki ce ya bar gurbin lambar NAFDAC, amma kar a sa komai a wurin sai ranar da kika yi rajista.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ta haɗa ƙawarki faɗa in ban yi kuskure ba. Ki tambaye shi ƙarara sau nawa zai gyara a cikin kuɗin nan, bayan haka nawa ne. Rana kuma a kama sunanta, "Alhamis mai zuwa zan ga na farko", ba "cikin satin nan insha Allah" ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne fayil. Masu buga sitika da yawa wata manhajar zane mai suna CorelDraw suke amfani da ita, don haka ku yi magana tun yanzu cewa in kin cika kuɗi zai ba ki asalin fayil ɗin zanen na CorelDraw da na PDF, ba hoto kaɗai ba, kuma ya turo a matsayin dokumen saboda WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Ki sani kuma kalar da kike gani tana walƙiya a waya takan ɗan dushe a takarda, gara a buga guda ɗaya ki gani kafin a buga duka.

Ke ma akwai naki. In ya turo abu ki amsa da wuri, ki tara gyararrakinki a saƙo ɗaya, ba yau maigida ya ce a sa ja gobe ƙanwarki ta ce kore ya fi ba, kuma ban da kiran tsakar dare ana "ya ake ciki".

Duk abin da kuka tsayar, ko a kira kuka yi maganar, ki haɗa shi a rubuce cikin saƙo guda: aiki kaza, kuɗi kaza, rabi yanzu rabi in an gama, gyara sau kaza, ranar kaza, da fayil. In ya rubuto "na amince" sai ki tura kuɗin ki ajiye rasit ɗin. In kuwa ya fara kwana-kwana yana "haba Hajiya ba ki yarda da ni ba ne", ki nemi wani.