PostgreSQL, MySQL ko SQL Server: wanne ya fi tsaro?

Malam, ka ce bayanan kwastomomin kamfaninku za ku adana, kana neman wanda ya fi tsaro cikin manhajojin rumbun bayanai ukun nan. Ni dai PostgreSQL zan ce ka ɗauka. Kyauta ne, kuma tun fitowar sigarsa ta 9.5 a 2016 yana iya killace bayanai layi-layi a tebur guda, ta yadda ma'aikacin wani reshe ba zai leƙa asusun kwastoman wani reshen ba. SQL Server ma yana yin haka, sai dai lasisinsa da tsada. A MySQL kuwa sai an haɗa da dabara.

Amma fa yawancin ɓarnar daga sakaci take shigowa. A Janairun 2017 ɓarayin intanet sun share dubban rumbunan MongoDB (wata manhajar rumbun bayanai ce daban) da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, suka nemi fansa da Bitcoin. Slammer, ƙwayar cutar kwamfuta da ta addabi SQL Server a 2003 kuma, wata shida kafin nan Microsoft ya fitar da maganinsa, mutane ba su saka ba.

Don Allah kada ka bar ƙofar 5432, wadda ta ita ake shiga PostgreSQL, tana kallon intanet, kuma ka riƙa gwada dawo da kwafin ajiyarka.