Kuɗin hayar da aka faɗa maka ba shi ne ribarka ba

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: ya tara kuɗi daga cinikinsa, dillali ya nuna masa gida mai sassa huɗu da 'yan haya a ciki, ya ce masa hayar shekara ta kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, don haka cikin shekara 10 zai mai da uwar kuɗinsa. Bai taɓa mallakar gidan haya ba. Ya saya ko ya dakata?

Malam, kashi goman nan da aka faɗa maka lissafin mai sayarwa ne, kuma kai ba da shi za ka zauna ba. Ɗauko biro mu yi naka. Mu ɗauka kuɗin gidan 100 ne. Kafin mukulli ya shigo hannunka akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da na rajistar takardu, a ce 6. Gyaran farko, a ce 4. Ka ga 110 ka zuba, ba 100 ba. Haya tana kawo 10 a shekara idan kowane sashe na da mutum kuma kowa ya biya a kan lokaci, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Wata ɗaya kacal da gidan zai zauna babu kowa ya cinye kusan kashi 8 cikin 100 na hayar shekara, wato kusan 1 daga cikin 10 ɗin nan. Ware 1 domin gyare-gyare, domin famfo zai lalace, fenti zai koɗe. Haraji da inshora da ladan mai kula da gida su ci wani abu fiye da 1. Abin da ya rage maka bai wuce 7 ba. Raba 110 da 7, ka ga shekarun sun doshi 16. Waɗannan alƙaluman misali ne, ka cire su ka sa na gidan da kake nema, amma kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Idan da rance za ka cika kuɗin, kwatanta kuɗin ruwan da za ka biya da kashi 6 da ɗoriya cikin 100 da gidan ke bari a shekara, wato 7 ɗin nan a kan 110 da ka zuba. In na bashin ya fi, kuɗin da ka ranto ba zai kawo abin da zai biya ruwansa ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne inda kuɗin zai fito. Kai ɗan kasuwa ne, kuɗinka na juyawa sau da yawa a shekara. Gida kuwa ba ya juyawa, kuma ranar da ka matsu ba za ka ɓalle ɗaki ɗaya ka sayar ba. Kana iya yin watanni kana neman mai saye. Na sha ganin wanda ya kwashe jarinsa ya sayi gida, shago ya rame, ya koma karɓar kaya bashi. Idan sayen zai taɓa jarin da kake juyawa, ka haƙura tukuna. Rarar da ta zauna ita ake sakawa a gini, kuma ko bayan ka saya ka bar kuɗin da zai ɗauki gidan na wata shida ko da ba haya.

Sai gidan kansa. Gani ya kori ji, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka da magini da mai aikin wuta waɗanda kai ka ɗauko, in da hali bayan an yi ruwan sama. Ɗaga kai ka dubi silin: tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ce. Shafa gindin bango. In fenti na ɓarewa kamar gari, laima ta shiga. Sabon fenti a bango ɗaya tak, ka tambayi abin da aka rufe.

Ka keɓe da 'yan hayar ba tare da dillali ba. Nawa suke biya a zahiri, kuma har zuwa yaushe suka biya? Wanda ya biya shekara gaba, kai za ka gaji zamansa, kuɗin kuwa na hannun tsohon mai gida, sai a cire shi daga farashi.

Takardu kuma kada ka biya ko kafin alƙalami sai lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya bincika a ofishin rajistar filaye: sunan wa ke kan takardar mallaka, an jinginar da gidan ko a'a, akwai shari'a a kansa? In gidan gado ne, duk magada su sa hannu a gaban shaidu.