Katin hoto biyu da firosesa mai rauni

Tambaya: Ina da katin hoto GTX 1070, ina son ƙara na biyu don wasanni. Shin tsohon firosesana zai hana su aiki sosai?

Amsa: Ƙwarai zai iya, ɗan'uwa. Firosesa ne ke shirya kowane hoto kafin kati ya zana shi, idan ya gaza sai katunan su zauna jira. Gwada kafin ka kashe kuɗi. Buɗe manhajar MSI Afterburner mai nuna adadin hotuna a daƙiƙa, ka kunna wasa da ingancin hoto na 1080p, sannan ka sauke zuwa 720p. In adadin hotuna a daƙiƙa bai ƙaru ba, firosesa ne matsalar, kati na biyu ba zai tsinana komai ba. A 4K kuwa, mai ingancin hoto sama da 1080p, nauyin kan koma kan katunan.

Duba babban allon cikin kwamfutarka (motherboard) ma: SLI, wato fasahar haɗa katuna biyu su yi aiki tare ta kamfanin Nvidia mai GTX 1070, na buƙatar layuka takwas na PCIe (mahaɗar kati da allon) ga kowane kati, da gadar haɗi, da akwatin wuta mai ƙarfi. Ma'ajiyar katunan ba ta ninkuwa, 8GB biyu 8GB ne, kuma hoto kan riƙa sarƙewa. Tun 2021 Nvidia ta daina ƙara tallafin SLI ga sababbin wasanni. Sayar da naka, ka sayi kati ɗaya mai ƙarfi.