Kafin mu ɗauki kwatabak a zagayen farko

Ɗana, na karanta rahoton da ka rubuta a kan yaron nan na jami'a mai buga kwatabak, wato jagoran hari a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, na kuma ga tambayar da ka ajiye mini a ƙarshensa, inda ka ce: "Maigida, tunda ƙungiyarmu ta ƙare kakar bana a ƙasan teburi, kuma muna cikin waɗanda za su fara zaɓen sababbin 'yan wasa, shin mu ɗauki kwatabak tun a zagayen farko, ko kuwa mu gyara sauran gurabe mu jira wani a zagaye na uku ko na huɗu?" Wannan ita ce tambayar da take raba kan masu sana'armu ta farautar 'yan wasa duk lokacin da watan Afrilu ya ƙarato, don haka na ga ya fi kyau in zauna in rubuta maka amsa a tsanake da in ba ka ita a tsaye a bakin fili.

Zan fara da abin da ka riga ka sani, domin a kansa sauran maganar take tsaye. A ƙwallon ƙafa irin na Amurka kusan kowane hari ta hannun kwatabak yake farawa: shi ne zai karanta yadda masu tsaron baya suka jeru, shi ne zai yanke wa zai jefa wa ƙwallo, kuma yakan yi hakan ne cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, yayin da ƙarti suke doso shi. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, amma ba a taɓa samun shekarar da ƙwararrun kwatabak suka kai 32 ba. A ƙwallon Turai wanda muka taso muna saurare a rediyo, kulob mai kuɗi yakan shiga kasuwa ya sayi ɗan wasan da yake so. A nan kuwa ƙungiyar da ta dace da kwatabak nagari ba ta sakinsa sai tsufa ko rauni ya fara cinsa, saboda haka ƙofar da ta rage wa mai nema ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa, mai zagaye bakwai, wanda ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa take fara zaɓe a cikinsa. Matsayin da muke kai bana da zafin shan kashi muka saye shi, kuma ba ma fatan mu sake samun irinsa baɗi.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda matasan sana'ar nan suke yawan tsallakewa don suna ganin aikin ofis ce. A shekarar 2010 ƙungiyar Rams ta ɗauki Sam Bradford a zaɓi na farko, ta ba shi kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78, miliyan 50 daga ciki nasa ne ko ya buga ko bai buga ba, alhali bai taɓa taka filin NFL ba. Shekara ɗaya bayan haka aka ƙulla sabuwar yarjejeniya tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, aka ƙayyade albashin sababbin shiga, sai ga Cam Newton, wanda shi ma zaɓi na farko ne a 2011, ya sa hannu a kan dala miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga lokacin lissafin ya canza. Kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi, wanda a 2024 ya kai dala miliyan 255 da 'yan kai, kuma a wannan shekarar ce Dallas ta amince za ta riƙa biyan kwatabak ɗinta Dak Prescott dala miliyan 60 a shekara. Ƙungiyar da take da matashin kwatabak mai kyau a kan albashin sabon shiga tana da rarar kuɗi mai yawa da za ta zuba a kan masu tsare shi da masu cafe masa ƙwallo. Bugu da ƙari, wanda aka ɗauka a zagayen farko ƙungiya tana da ikon riƙe shi shekara ta biyar, kuma Baltimore ta samu wannan ikon ne a kan Lamar Jackson lokacin da ta yi musaya ta koma zaɓi na 32, na ƙarshe a zagayen farko na 2018.

Na san sunan da yake bakinka, domin duk wanda yake son a jira shi yake ambata. An ɗauki Tom Brady a zaɓi na 199 a shekarar 2000, bayan an ɗauki kwatabak shida kafin shi, ya kuma ci Super Bowl, wato kofin gasar, sau bakwai. Joe Montana zaɓi na 82 ne a 1979, Brock Purdy kuwa shi ne na 262, mutum na ƙarshe a zaɓen 2022. Duk gaskiya ne. Amma ka tuna cewa New England ɗin da ta ɗauki Brady ita ma ta wuce shi a zagaye biyar tana ɗaukar wasu, kuma da ta san abin da zai zama, da ba ta bar shi ya kwana a kasuwa ba. Wannan tsintuwa ce, kuma mai sana'a ba ya tsara cefanen gidansa a kan tsintuwa. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka a waɗannan zagaye na baya benci suke ƙarewa, sunayensu ma ba ma riƙewa, shi ya sa 'yan ƙalilan da suka yi fice suke cika mana ido.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ƙungiyar da ba ta da kwatabak, kuma ta samu kanta a sahun gaba, ya kamata ta ɗauka da wuri. Sai dai ra'ayin yana da sharaɗi, kuma a cikin sharaɗin ne aikinmu yake.

A 1998 masana sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi tsakanin Peyton Manning na jami'ar Tennessee da Ryan Leaf na Washington State, kuma da yawa sun karkata ga Leaf saboda girman jiki da ƙarfin hannu. Indianapolis ta ɗauki Manning a na farko, San Diego ta ɗauki Leaf a na biyu. Manning ya zama gwarzon gasar sau biyar, Leaf kuwa kaka uku ya yi a San Diego aka sallame shi. JaMarcus Russell, wanda Oakland ta ɗauka a na farko a 2007, yana da hannun da ba kasafai ake ganin irinsa ba, amma a 2010 ya riga ya bar gasar. Ƙarfin hannu shi ne abin da ya fi sauƙin gani, kuma shi ne ya fi sa mu yi wa rogo kallon kitse, musamman a ranar baje koli da jami'o'i suke shirya wa 'yan wasansu, inda yaro yake jifa sanye da gajeren wando, babu mai kawo masa hari, kuma kowace jifa an yi atisayenta makonni. Rahotonka ya ba wannan rana shafi biyu. Ni da zan rubuta shi, layi uku zan ba ta.

Abin da na fi so ka ƙirga shi ne yawan wasannin da yaro ya fara a matsayin jagora. Mitchell Trubisky wasa 13 kacal ya fara a North Carolina kafin Chicago ta ɗauke shi a na biyu a 2017, a shekarar da Patrick Mahomes ya jira har zaɓi na 10. Trey Lance wasa 17 ya fara a North Dakota State. Jayden Daniels kuwa ya fara wasa 55 a jami'o'i biyu, kuma a kakarsa ta farko a 2024 ya kai Washington wasan kusa da na ƙarshe. Yawan wasa ba ya mayar da marar baiwa gwani, amma yana ba mu faifan bidiyo mai yawa da za mu duba, yana kuma nuna mana yadda yaro ya yi bayan abokan hamayya sun shekara suna nazarinsa sun gano lagonsa. Wanda ya haskaka kaka ɗaya, kamar yaron da ka rubuto a kansa, ba mu ga wannan jarrabawar a tare da shi ba.

Ka kuma riƙa tuna cewa wasan jami'a da na NFL fili ɗaya ne a ido, amma ba ɗaya ba ne a hannun mai jifa. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 40 a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da inci 6 ce, don haka a jami'a gefe ɗaya na fili yakan buɗe sosai, mai cafe ƙwallo ya samu sarari shi kaɗai, jifar ta zama mai sauƙi. A NFL mai tsaro yana manne da mutuminsa, kuma dole kwatabak ya saki ƙwallo kafin mai cafewa ya juyo, ya jefa ta inda zai isa. Idan kana kallon faifai, ka wuce jifofin da kowa zai iya, ka tsaya a kan yunƙuri na uku, cikin huɗun da ake ba ƙungiya don ta ci yadi goma, lokacin da ya rage yadi bakwai ko takwas, ka ga inda idonsa yake zuwa idan mutumin da ya fara nema a rufe yake, ka ga ko ƙafafunsa suna natsuwa idan katangar masu tsare shi da ke gabansa ta fara rushewa. Sannan ka kalli harin da ya biyo bayan abokan hamayya sun cafke ƙwallon da ya jefa, domin a nan ake gane mai zuciya.

Yanzu ga ɓangaren da ba ka taɓo ba ko kaɗan, kuma a wurina ya kai rabin amsar: gidan da za a kawo yaron. Houston sabuwar ƙungiya ce a 2002 lokacin da ta ɗauki David Carr a na farko, ta tsayar da shi a bayan katangar da ba ta ƙanƙama ba, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kakarsa ta farko, adadin da ba a taɓa gani ba. Wanda ya sha irin wannan duka yakan koyi kallon masu kawo hari maimakon kallon fili, kuma ɗabi'ar tana da wuyar fita. Andrew Luck ya cika duk abin da aka zata a gare shi, amma raunuka suka sa ya ajiye wasa a 2019 yana da shekara 29. Ka kwatanta da Mahomes, wanda ya tarar da koci Andy Reid, ya tarar da masu cafe ƙwallo irin su Travis Kelce da Tyreek Hill, ya kuma zauna shekara guda a bayan Alex Smith yana koyo, wasa ɗaya kawai ya fara a 2017, sannan ya zama gwarzon gasar a 2018. Aaron Rodgers shekara uku ya zauna a bayan Brett Favre a Green Bay. Labarin Sam Darnold ya fi ba ni tunani, domin an riga an yanke masa hukuncin gazawa bayan zamansa a New York Jets da Carolina, sai ga shi a 2024 ya ci wasa 14 da Minnesota. Hannun da ya bar jami'a da shi a 2018 shi ne dai a jikinsa.

Ba ina cewa dole ne kowane sabon shiga ya zauna a benci ba. Manning ya buga tun daga ranar farko, aka cafke masa ƙwallo sau 28, ƙungiyar ta ci wasa 3 ta faɗi 13, a kaka ta gaba ta ci 13 ta faɗi 3. Abin da ya samu shi ne haƙurin masu gida. Josh Rosen bai samu wannan ba, domin Arizona ta ɗauke shi a na 10 a 2018, ta kori kocinta a ƙarshen kakar, ta ɗauki Kyler Murray a na farko a shekarar da ta biyo.

Game da musaya don a matsa gaba a layi, a nan nake ƙara taka-tsantsan. San Francisco ta ba da zaɓinta na zagayen farko na shekara uku don ta kai ga Lance a 2021, ya fara mata wasa huɗu, ta miƙa shi ga Dallas a kan zaɓin zagaye na huɗu. Carolina ta ba Chicago mai cafe ƙwallonta D.J. Moore da zaɓuka da dama don ta ɗauki Bryce Young a 2023, ta ci wasa 2 kacal a kakar, zaɓin da ta bayar ya zama na farko a 2024, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi. Illar irin wannan ciniki ita ce kana sayar da ainihin kayan da za ka gina wa yaron gida da su. Kansas City ma ta yi musaya, daga na 27 zuwa na 10, amma ta yi ne tana da cikakkiyar ƙungiya a hannu.

Zan gaya maka kuskuren da na taɓa yi, domin ina ganin alamarsa a rubutunka. A wata ƙungiya da na yi wa aiki, akwai shekarar da muke matuƙar buƙatar kwatabak, kuma kowa a ɗakin taro ya san cewa shugabanni suna son jin suna. Na ba wani yaro makin zagaye na biyu a watan Disamba, amma zuwa Afrilu na ɗaga shi zuwa na farko, alhali bai buga ko wasa ɗaya ba a tsakani. Buƙatarmu ce ta ƙaru, ni kuma na rubuta ta a matsayin ƙwarewarsa. An ɗauke shi, aka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma har yau ina jin cewa ina da hannu a abin da ya same shi.

Don haka ka mayar da rahoton nan ka sake shi. Ka rubuta makin yaron kamar muna da kwatabak nagari a gida ba ma neman kowa, domin wannan ne makinsa na gaskiya. Ka nemo faifan wasannin da ya faɗi ka kalle su daga farko zuwa ƙarshe, ka koma jami'ar ka zauna da masu kula da kayan wasa da masu ɗaure wa 'yan wasa ƙafa, ka tambaye su ƙarfe nawa yake zuwa da kuma yadda yake magana da abokansa ranar da aka sha kashi. A takarda dabam kuma ka rubuta mini sunayen mutum biyar ɗin da za su tsaya a gabansa a ƙungiyarmu, da wanda kake ganin zai iya riƙe gurbinsa a cikinsu. Idan makin ya tsaya a zagayen farko, kuma takarda ta biyu ta nuna aƙalla uku daga cikin biyar ɗin za su tsare shi, zan tashi a ɗakin taro in goyi bayanka a ɗauke shi. Idan ɗayan biyun ya gaza, shawarar da za mu kai ita ce a ɗauki mai tsaron gefen hagu na katanga, ko a sayar da matsayinmu ga mai gaggawa a karɓi zaɓinsa na baɗi. Ka kawo mini takardun biyu kafin mu shiga ɗakin taro.