Gajerun hanyoyin da suka ƙi goguwa a kwamfutar ofis

Tambaya: An ba ni kwamfuta mai Windows a wurin aiki, fuskarta cike da gajerun hanyoyin manhajojin da ba na amfani da su. Wasu in na zo gogewa sai ta nemi kalmar sirrin admin (mai cikakken iko da kwamfutar), wasu kuma su gogu, amma kafin a tashi aiki sun dawo. Yaya zan yi?

Amsa: Abin da kake gani a fuskar kwamfutar folda biyu ce aka haɗa: taka ta kanka, da kuma C:\Users\Public\Desktop wadda duk mai shiga na'urar yake gani. Danna maɓallin dama na linzami a kan alamar gajeriyar hanyar, zaɓi Properties, ka duba Location a shafin General. In ka ga Public, shi ya sa take neman admin. In sunanka ne a wurin, goge abinka. Alama mai ƙaramar kibiya a kusurwa nuni kawai take yi zuwa manhajar, goge ta ba ya cire manhajar.

Masu dawowa kuwa, yawanci sashen kula da kwamfutoci ne ya dasa su ta Group Policy, wato dokokin da yake tura wa kwamfutocin ofis. Na'urar tana sake karɓar waɗannan dokoki kusan duk minti 90, da ɗan bambancin da bai wuce minti 30 ba, haka ma duk lokacin da ka shiga. Ta ga babu alamar, sai ta mayar. Ko sau goma ka goge, aikin banza ne. Wani lokacin kuma sabunta manhaja ne yake dawo da ita, ko OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, ya kwaso ta daga wata kwamfutar da ka taɓa shiga da asusunka, har ka ga iri ɗaya sau biyu.

Kada ka taɓa izinin foldar Public ko rajistar Windows (inda take ajiye saitunanta). Na'urar ba taka ba ce, kuma dokar za ta iya warware gyaran naka. Rubuta wa masu kula da ita sunayen alamomin da inda suke, ka roƙi su cire, ko su kunna zaɓin "Apply once and do not reapply" don in ka goge kada su dawo.

Kafin su amsa, danna dama a inda babu komai, shiga View, cire makin (✓) da ke kan Show desktop icons. Komai zai ɓuya, har fayilolinka, amma suna nan a foldar Desktop cikin File Explorer.